Haƙorin Ido

'Yata ta fari ba a hannuna ta tashi ba. Ranar da aka yaye ta, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta zo Sabon Birni daga Isa, ta goya ta, ta ce mini in ji da kaina. Haka ake yi a gidanmu tun kaka da kakanni. Ɗan fari na kakanni ne, uwa kuwa sai kunya: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta tsoma baki a maganarsa gaban manya. Ni malamar firamare ce, bakina ba ya hutawa tun daga safe har a tashi, kuma abokan aikina sun san ba a gaya mini magana in bar ta ta kwana. Amma in aka zo kan yarinyar nan, sai in koma kurma. Ko yanzu da nake rubutu hannuna ya ƙi sa sunanta, don haka yarinyar zan riƙa cewa, kamar yadda na saba.

Duk hutun makaranta nakan je Isa, in ce na zo gaida Inna. Gaisuwar gaskiya ce, amma da wutsiyar ido nake kallon abin da ya kawo ni. Yarinya ce mai dariya. In ta fashe da ita a tsakar gida, maƙwabta kan ɗaga murya ta kan katanga su ce a ba su labarin su ma su dara.

Da ta fara famfara, Inna ta yi duk abin da ake yi. Ta jefa haƙoran da suka faɗi a kan rufin ɗaki, ta gargaɗe ta kada ta buɗe giɓinta gaban ƙadangare, don kada sababbin su ƙi fitowa. Ƙadangare bai yi mana komai ba. Sababbin sun fito, har sun yi yawa. Manya-manya ne irin na mahaifinta, a cikin ɗan ƙaramin muƙamuƙi irin nawa. Kowannenmu ya ba ta abin da yake da shi, ba mu yi shawara da juna ba. Na gaba biyu suka hau juna, na ƙasa suka ɗan karkace. Fiƙoƙin sama kuwa, masu tsinin nan, da suka zo suka tarar wuri ya cika, sai suka ɓullo can saman dasashi suka tsaya, kamar baƙin da suka makara wurin walima.

Yara ba su da tausayi. A makaranta suka sa mata mai bene a baki. Tun tana ramawa har ta daina. Wani hutu na zo na tarar tana magana da gefen hijabi a kan leɓe. Hutu na gaba na ga ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki, ba ta ci a gaban mutane. In ta yi asuwaki sai jini, saboda akwai lungunan da itacen ba ya kaiwa. Malamin islamiyyarsu ya zaɓe ta ta yi karatu ranar walimar sauka, don muryarta da daɗi, ta ce ba ta da lafiya. Lokacin tana wajen shekara sha uku. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, ga shi ba ni da bakin magana.

Na dai lallaɓa, ina tsince wa Inna zogale, na ce, "Inna, yarinyar nan taku ta bar dariya."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Yau kig gani? Ni da nika kwana ɗaki guda da ita hwa?"

Ƙanena direba ne, yana jigila tsakanin Isa da Sakkwato. Shi kawu ne, kunya ba ta hau kansa ba, kuma mutum ne mai son a gama magana kafin shayi ya huce. Ya ce ai abin ba shi da wuya. Akwai wani mai cire haƙori da yake baza kayansa ran kasuwa, da 'yar filayarsa da tsofaffin haƙora jere a kan tsumma don talla. A kai ta ya fizge na saman nan biyu da suka fita layi, shi ke nan.

Inna ta ajiye faifan da yake hannunta.

"Wane haure za a hizge? Na sama? Kai, wanga haure da kaka gani, hauren ido na. Jijiyatai da ta ido guda ta. A taɓa shi, ido shi tahi. In dai ina numfashi, babu mai sa ƙarhe bakin yarinyag ga."

Ba da ka take maganar ba. Tana ƙarama a Turba, wani wanzami ya cire wa yayarta haƙorin sama, kafin shekara ta zagayo yayar ta makance. Inna aka ba sandar. Ita ta riƙa jan ta zuwa bayi, zuwa gidan biki, zuwa gidan rasuwa, har Allah ya karɓi abinsa. Mun ji labarin tun muna yara har mun haddace. Ita kanta Inna tana da wani ruɓaɓɓen haƙori a sama, ɓangaren hagu, wanda ya yi shekaru yana hana ta sakat. Da kanumfari da ruwan gishiri take lallashinsa. In ya tashi, kuncinta ya kumbura, ta ɗaure kai ta kwanta, amma ba a isa a ambaci cira ba. Idonta na dama yanar ido ta riga ta rufe shi, da na hagun take gani, kuma a ƙarƙashinsa haƙorin yake.

Ni na yi boko, na san babu wata jijiya. Amma ban so mai filayar ba, don haka na bar kuskurenta ya yi mini aiki.

Ƙanen nawa ne dai ya sake kawo wata maganar. Ya ɗauko wata ɗaliba daga Sakkwato, ya ga siririyar waya a jere kan haƙoranta, ya ƙi haƙuri sai da ya tambaya. Ta ce gyara ne, a babban asibiti ake sa ta, tana jan haƙora a hankali har su daidaita. Bai tsaya ya ji ƙarshen bayanin ba, ya zo ya ce wa Inna ya samo magani, waya ce kawai, babu cira.

"Ka tabbata babu cira?"

"Wallahi, Inna, ba a taɓa ko guda."

Ta dubi ƙofar ɗakin da yarinyar take ciki. Ta ce, "To, a kai ta. Amma ƙahwata ƙahwarta." Sai ta juyo gare ni, fuska a murtuke. "Ke ma ki shirya. Ba don komi ba, don ki ji muna Turancinsu."

Ta san babu Turancin da ƙanena ba zai iya ji ba. Hanya ta buɗe mini, yadda zan bi 'yata asibiti ba tare da an ce na yi rashin kunya ba. Na ji daɗi har cikin raina.

Hanyarmu kowa ya san yadda ta zama a shekarun nan. Ba a fita sai rana ta ɗaga, a jira motoci su taru, a bi juna, kowa bakinsa da addu'a har a wuce dajin. Wasu a motar suka ji dalilin tafiyarmu suka yi ta mamaki, wai a kan haƙori za a shiga wannan hanya. Inna ta ce da su mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Likitar da muka samu mace ce, Bayarabiya, gajera mai tabarau, ta daɗe a Sakkwato har Hausa ta zauna a bakinta. Tana ɗago kai ta ga tsagar Gobir a kuncin Inna, sai ta tafa hannu.

"A'a! Yau bayina ne suka kawo gaisuwa? Sannunku da zuwa, Gobirawa."

Na zaci za a yi rigima, don Inna ta shigo da shirin faɗa. Sai na ga bakinta ya motsa.

"Ke Bayaraba, yaushe baiwa tas samu kujera mai juyawa? Tashi ki gaida uwargijiyarki."

Tsakanin Bagobiri da Bayarabe akwai wasa tun na dauri, kowa yana cewa shi ne ubangidan wani, kuma ba a fushi. Da likitar nan 'yar wata ƙabila ce, ko da 'yar garinmu ce, da ban san yadda za a kwashe ba. Amma abokiyar wasa tana iya gaya maka abin da ɗanka bai isa ya gaya maka ba. Na sha gode wa Allah da ya haɗa mu da ita.

Yarinyar ta hau kujera ta ƙi buɗe baki. Inna ta ce, "Buɗe mata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta buɗe. Likita ta duba da ɗan madubinta, ba ta yamutsa fuska ba, ba ta ce kash ba. Ta taɓa fiƙoƙin nan biyu ta tambaya ko an taɓa cewa a cire su. Ƙanena ya sunkuyar da kai.

"An ce," in ji Inna. "Ni nih hana. Hauren ido na."

"Mama, kin kyauta da kika hana. Waɗannan su ne masu doguwar saiwa, su suke riƙe kusurwar baki, su ne na ƙarshen da muke yarda a rasa. Amma dalilinki ba daidai ba ne. Babu ruwan haƙori da gani. Kullum ana cire na sama a ɗakin da ke kusa da nan, kowa da idonsa yake komawa gida."

Inna ta karɓi yabon, ta bar mata sauran. Ta ce an gaya mata dai babu cira.

"Wa ya gaya miki? Ni ban ce akwai ba, ban ce babu ba. Sai na auna."

Ta yi mana bayani a tsanake. Ta ce ba kowane cunkoson haƙori yake bukatar cira ba. Wani bakin wurin da ya rasa kaɗan ne, waya kaɗai ta isa, ko a ɗan goge tsakanin haƙora a samu sarari. Wani kuma in an kama shi da wuri, yaro yana kan girma, ana iya buɗa muƙamuƙin. Amma akwai wanda wurin da ya rasa ya yi yawa, dole wani ya tashi kafin wani ya zauna. Na ce a raina ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kowa ya ga bakin nan ya san amsar. Ita dai ba ta yarda da ido ba. Aka ɗauki hoton ƙashin bakin, aka cusa wa yarinyar wani abu mai laushi kamar kwaɓin fulawa ta ciza, ya fito da siffar haƙoranta. Aka ce mu dawo bayan 'yan kwanaki. Muka sauka gidan wata 'yar'uwarmu.

Da muka koma, bakin 'yata yana kan tebur, an zuba shi da farar ƙasa. Likita ta ɗaga na ƙasa ta ce wannan ba za a cire masa komai ba, abin da ya rasa kaɗan ne. Inna ta ce alhamdu lillahi. Sai ta ɗaga na sama, ta nuna mana da tsinken awo. Kowane ɓangare ya rasa wurin da ya kusa kai faɗin haƙori guda. Ta ce shawararta a cire ƙaramin da yake bayan kowace fiƙa, ɗaya dama ɗaya hagu, sannan waya ta jawo fiƙoƙin su sauko mazauninsu, giɓin ya rufe ruf.

A nan na kasa daurewa. Na tambaye ta da Turanci, don kada Inna ta ji ni ina shiga maganar, ko babu wata hanya. Ta amsa mini da Hausa, don ita ba ta san dawan garin ba. Ta ce za ta iya jera su duka ba tare da cira ba, amma sai na gaba sun turo waje, leɓe ya kasa rufuwa, dasashi ya janye, kuma da wuya su zauna inda aka ajiye su. Ta ce ba ta son cire lafiyayyen haƙori, in da hanya ba ta yi, amma ba za ta yi mana ƙarya don mu ji daɗi ba. Ba ciwo ne mai kisa ba, mu je mu yi shawara.

Inna ta miƙe ta gyara mayafi.

"Na gode, Bayaraba. Amma sama dai sama ta. Ku tashi mu tahi."

Muka shiga mota muka kama hanya. Can yarinyar ta ce, a hankali, "Ba komi, Inna. A bar shi hakanan. Na saba." Da kuka ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi fushi da Inna, ba zan ɓoye ba. Na koma Sabon Birni ina huce haushi a kan 'yan ajina, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Ƙanena ya ce mu ɗauke yarinyar da sunan hutu, a yi a gama, in ya so Inna ta ga aiki. Na ƙi. Yarinyar ba za ta hau kujerar nan ba tare da yardar Inna ba. Kuma in an yi a ɓoye, ko apolo ya kama ta bayan shekara goma, tsohuwar nan ba za ta sake barci ba. Muka zauna a haka, rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta.

Gab da saukar damina Inna ta kira ni a waya. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba.

"Ki taho. Za ni Sakkwato wurin baiwag ga tawa."

Na zaci ta sauko ne, na zo da murna. Sai da muka shiga ofishin na ga ta wuce yarinyar ta haye kujerar da kanta, ta buɗe baki ta sa yatsa.

"Ga nawa haure. Na sama na, kuma ƙarƙashin idona mai gani. Ki cire shi. In ido yat tahi, kun ga ni ad da gaskiya, ku bar mini jikata ta huta. In bai tahi ba, kin ci."

Likita ta daina wasa. Ta ce ita ba ta cire haƙori don caca, sai ta duba tukuna. Ta duba, ta girgiza kai, ta ce wannan ya ruɓe har saiwa, tun tuni ya kamata ya fita, kuma barinsa ya fi cire shi haɗari. Aka gwada jinin Inna, aka kai ta ɗakin da ke kusa, wurin abokin aikinta. Aka yi mata allurar kashe zafi. Wata ma'aikaciya ta ce ta rufe ido in tana tsoro, ta ƙi. Idonta a buɗe tar, a kan fuskar yarinyar, har aka gama. Ana cewa ya fita, ta sa tafin hannu ta rufe idon dama, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, da auduga a bakinta.

Ni da ƙanena muka yi ta dariya a hanya. Muka ce taurin kan Gobirawa ne, tsohuwa ta gaji da ciwon haƙori tana neman hanyar da za ta sauko ba tare da an ce ta sauko ba.

Inna ta ce ba a gama ba, don na yayarta ma ba rana ɗaya ya tafi ba. Za ta jira har kaka. Duk daminar nan Inna tana jarraba idonta. Da safe ta zura zare a allura ko babu abin ɗinki. Ta tsince shinkafar da aka riga aka tsince. Ta tsaya ƙofar gida tana faɗin akuyar wane ce waccan, tun tana nesa. A gefe guda kuma kuncinta ya daina kumbura, ta koma cin nama da ɓangaren da ta manta tana da shi, har ta yi ƙiba. In na tsokane ta na ce da alama baiwar tata ta iya aiki, sai ta ce in bari kaka ta yi.

Aka yanke gero, aka fara ɗaure dammuna. Wata rana da magariba mutanen unguwa suka fito duban jinjirin wata, matasa suna ta ɗaga kai ba su ga komai ba. Inna ce ta nuna musu shi, can saman wata bishiyar dogon yaro. Ta shigo gida ta yi salla, ta shafa addu'a, ta ce wa ƙanena, "A kai ta."

Aka cire ƙananan nan biyu. Duk da abin da ta gani a kanta, Inna ta yi makonni tana ɗaga wa yarinyar yatsu daga bakin zaure tana tambayar nawa ne. Bayan wurin ya warke aka sa waya. Kwanakin farko kunu da fura kaɗai take iya sha, kuma aka raba ta da rake da goriba da aya, abin da ya fi cirar yi mata ciwo. Yaran da suke ce mata mai bene suka koma mai waya, amma yanzu da sha'awa suke faɗa, har wasu suna naɗa zaren azurfar kwalin taba a haƙoransu. Lokaci-lokaci ake komawa a ɗaure wayar. Wani zuwan hanya ta hana, sai an kwana biyu, likita ba ta taɓa yi mana faɗa ba, ta san inda muka fito. Ni kuwa ba a barina a baya, kullum ana bukatar mai jin Turanci.

Fiƙoƙin suka riƙa saukowa kamar ba sa motsi. Ni da nake ganinta jefi-jefi na fi kowa lura. Giɓin ya ƙanƙance, ya ƙanƙance, wata rana na duba na rasa inda yake. Aikin ya ci shekara biyu da wani abu.

Ranar da aka cire wayar, likita ta miƙa mata madubi. Ta duba, ta rufe baki, ta sake dubawa. Sai dariyar nan ta fito, irin ta da, wadda ake ji ta kan katanga, har wani ma'aikaci ya leƙo. Na juya na fuskanci bango ina gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Inna ta kama haɓarta ta juya ta dama da hagu, kamar mai sayen ƙwarya, sannan ta dubi likita.

"To, Bayaraba. Na 'yanta ki."

Likitar ta durƙusa har ƙasa irin gaisuwarsu, tana dariya, ta karɓi man shanu da kilishin da Inna ta ƙullo mata. Ta ba yarinyar wata roba da za ta riƙa kwana da ita don kada haƙoran su koma gidan jiya. Allah ya saka wa matar nan da alheri duk inda take.

Washegari da la'asar, a Isa, ina wanki a tsakar gida yarinyar tana shanya mini. Ba mu saba hira ba, ni da ita. Sai na ji ta ce, "Kin san mahwarin igiyag ga?"

Igiya ce doguwa, an ɗaure ta daga ƙofar ɗakin Inna zuwa bakin bayi. Ba ta da tsayi sosai, daidai ƙugu, kullum ina mitar zannuwa suna jan ƙasa. Na ce ban sani ba.

Ta ce kafin tafiyar da aka cire wa Inna haƙori, wata rana ciwon kai ya koro ta daga makaranta da hantsi. Ta shigo ta tarar da Inna ita kaɗai a tsakar gida, ta ɗaure idanunta da ɗankwali. Ta kawar da turmi da kujeru gefe. Tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a kan igiyar, daga ɗaki zuwa bayi, ta dawo. Sannan ta saki igiyar ta lalubi bango har randa, ta ɗebi ruwa a buta, ta lalubo murhu, ta lalubo inda take ajiye ashana. Ta yi tuntuɓe da dutsen murhu ta fasa yatsa, ta tsaya, ta koma ɗaki ta sake farawa. Da ta ji motsi ta kwance ɗankwalin, ta ga ko wace ce, ta zaunar da ita.

"Tac ce mini, na san ido za shi tahi. Amma in na mutu za su cire maki, babu mai hana su. Gara su gani bisa kaina tun ina da rai. Kuma ba ni son ki bar boko ki koma jan sanda awa yadda niy yi, shi as sa nika koyo. Tac ce in na hwaɗa ma wani ba ta yahe ba, sai ranar da anka gama."

Na tsaya da zane a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafata. Ashe ranar da ta hau kujerar nan ba ta sa ran za ta daɗe tana ganinmu ba. Mu kuwa muna cikin mota muna dariya.

Inna tana bakin ɗakinta, da tire a cinya, tana tsintar shinkafar tuwon dare. Na je na durƙusa gabanta. Na ce, "Inna, an ce kin koyi tafiya ido rufe."

Ta harari inda yarinyar take. "Bakin da anka gyara jiya, da tsegumi za shi hwara?"

Ban yi dariya ba. Na kama ƙafarta da jiƙaƙƙen hannuna, na ce na gode, na gode, Allah ya saka miki da aljanna. Hawaye suka hana ni ƙarasa sauran. Ta bar ni na ɗan jima a haka, hannunta a kan kaina. Sannan ta ture kafaɗata da gefen tiren.

"Tashi hakanan," in ji ta. "Kin tare mini haske."